Kiran Sunaye a Tsohon Bariki

Yammacin da abin ya soma ba shi da wata alama. Rekiya tana kicin tana tuƙa tuwo da safar roba a hannu, 'yarta Najiba tana falo da littattafan makaranta a gabanta, maigidan kuma, Alhaji Abdulbaƙi, bai jima da dawowa daga kasuwar Shahe ba, ya cire takalmi ya miƙe ƙafa yana jiran lokacin salla. Gidan haya ne a Panyu, wani yanki na birnin Guangzhou a ƙasar Sin, a hawa na goma sha wani abu, adadin ya shige mini. Abin da na riƙe shi ne, idan mutum ya tsaya a taga yana hango kogi can nesa, da jiragen kaya suna tafiya a hankali kamar shanun da suka ƙoshi.

Rana ta yi ja, ta soma nitsewa a bayan dogayen gine-gine. A unguwar ba a jin ladan, waya ce ke kiran salla. Kafin wayar ta yi kira sai wani abu ya faɗo tsakiyar falo, ya gangara a kan tayil, ya tsaya a gindin kujera. Tsakuwa ce, baƙa-baƙa, jiƙe da ruwa.

Alhaji ya dubi sama, ya dubi taga. Tagar a rufe take.

"Uwata, ke ce ke wasa da dutse?" in ji shi. Sunan mahaifiyarsa yarinyar ta ci, shi ya sa ba ya faɗar sunanta.

"Ni kuma, Baba? Ina zan samu dutse a nan?"

Gaskiyarta. Duk gidan nan dutse ɗaya ne tak, kuma yana can ɗaki kusa da darduma. Sai na koma baya kaɗan in faɗi yadda ya shigo.

Akwai wani lokaci a garin Guangzhou, bayan sanyi ya wuce, da bango ke yin gumi. Madubi ya dushe, tufafi su ƙi bushewa, gishiri ya narke a cikin gwangwani. A irin wannan lokacin ne fatar hannun Rekiya ta farfashe har tana fid da ruwa. Likita ya ba ta man shafawa, ya ce kada ruwa ya taɓa hannun sai ya warke. Wanke-wanke Najiba ta karɓa. Amma alwala fa? Da a Kano ne, ba abin tunani ba ne, mutum ya fita tsakar gida ya buga hannu a ƙasa ya yi taimamarsa. A nan kuwa duk inda ta duba tayil ne, da fenti, da roba, da gilashi. Ƙasar tukunyar furen da ke baranda a cakuɗe take da takin da ba su san asalinsa ba.

"Alhaji, gari guda babu ƙasa?" ta ce. "To su mutanen nan da me aka halicce su?"

"Ƙasar tana nan, Hajiya. Sun rufe ta da siminti ne kada ta gudu."

"Ka dai samo mini dutse mai tsarki. Sallata ba za ta jira barkwancinka ba."

A kan hanyar siton da Alhaji ke loda kwantenarsa, gab da tashar jiragen ruwa, akwai wani tsohon barikin soja. Dogayen ɗakuna ne a jere, na baƙin bulo, rufinsu ya lotsa, gansakuka ta hau bango. A bakin ƙofa akwai wata bishiya mai kama da ceɗiya, saiwoyinta a rataye kamar gemu, da wata tsohuwar igwa da tsatsa ta cinye, bakinta yana fuskantar ruwa. An ce tun zamanin da babu jirgin sama sojoji ke zaune a wurin suna gadin bakin kogi, kuma tuta ta sauya a kansa fiye da sau ɗaya. 'Yan kasuwarmu sukan yi gardama a kansa idan suna jiran lodi. Wani ya ce a rushe shi a yi sito, fili ne ake asara. Wani ya ce mutanen nan sun fi mu wayo, su ba sa zubar da tsohon abu. Ni dai duk sanda aka yi irin wannan magana badala nake tunawa, ganuwar birnin Kano, yadda muna yara muke hawa kanta mu hango gari, yadda daga baya aka riƙa yankarta kaɗan-kaɗan, kowa ya ɗebi abin yaɓen ɗakinsa, ba wanda ya ɗauki kansa mai rushewa. To, ba wannan nake faɗa ba.

Lokacin da Alhaji ya bi ta wurin, hukuma ta yanke shawarar a gyara barikin a adana shi. An kewaye shi da langa-langa, ma'aikata sun tashi, rana tana gab da faɗuwa. Ya ga wata kafa ya kutsa. Yana sauri ne, direba na jiransa. Mutumin da aka haifa a cikin birnin Kano, wanda tun yana ƙarami aka gaya masa ba a shiga kango da almuru, in kuwa an shiga sai da sallama, ya shiga bai ce komai ba. A ganinsa waɗannan abubuwa na gida ne, a gida ya baro su.

A babbar ƙofa ya tarar ma'aikata sun farfasa dokin ƙofar, na dutse, sun tara gutsattsarin gefe guda. Ya zaɓi wanda ya fi girma, kamar burodi. Fuskarsa ɗaya sumul take, har ta ɗan yi kwari a tsakiya, hannu na zama a kanta daidai. Ya saka a jaka. Rekiya ta yi murna, ta ce ko a gida ba ta taɓa samun dutsen taimama mai daɗin taɓawa irinsa ba.

Wannan shi ne dutsen. Yanzu in dawo kan tsakuwar.

Washegari da magariba biyu suka faɗo, ɗaya a cikin kwanon miya. Bayan nan sai abin ya zama kamar ƙa'ida. Rana na yin ja, gidan sai ya yi tsit, irin shirun da kunne ke jin nauyinsa, ƙarar motoci ta ja baya, firji ma kamar ya daina numfashi. Sai tsakuwa ta fara zuba, ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa kowa, kullum a jiƙe, tana warin taɓon kogi. Daga baya aka soma jin takun ƙafa. Ba na mutum ɗaya ba, na mutane da yawa, suna tafiya tare a jere, daga ƙofar falo zuwa taga, su tsaya cak. Alhaji ya hau sama ya buga wa maƙwabta ƙofa, ya tarar ba kowa a gidan, an fi wata da tashi.

Ran nan, ko Talata ce ko Laraba, takun na tsayawa sai Najiba ta ajiye biro. Ta miƙe. Yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, mai yawan dariya, mai tafiya kamar tana rawa. Amma ta taka zuwa taga da irin takun da ba nata ba, ta haɗe ƙafafu, ta miƙe wuya, ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta namiji ce, tsoho, mai kaushi. Ta faɗi wata kalma, ta yi shiru kamar mai jiran amsa. Ta faɗi wata, ta sake yin shiru.

Rekiya ta saki ludayi. "Alhaji, 'yarka. Kama ta."

Ya kama kafaɗunta, ya ji su kamar itace. Ya girgiza ta, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Can ta sulale ƙasa, ta buɗe ido, ta tambaye su me ya sa suke kuka.

Haka aka riƙa yi kullum. Ta tashi, ta soma kira, su kama ta, su tofa mata addu'a, su yayyafa mata ruwa, ta faɗi. Najiba ta iya Sinancin makaranta kamar 'yar gari, ita ke yi wa babanta tafinta a waya, amma da suka ɗauki muryar suka kunna mata, ta ce ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ce ta ji ta bango, ta fito ta tsaya a ƙofarsu. Ta ce wannan harshen mutanen ƙauyukan bakin ruwa ne, rabonta da jin sa tun kakarta na da rai, kuma ba magana ba ce, sunayen mutane ne. Ta koma gida ta rufe ƙofa. Da safe suka tarar ta ajiye musu lemo a bakin ƙofa, amma ba ta ƙara yarda ta hau lifta tare da su ba.

Yarinya ta soma ramewa. Abinci ya daina shiga. Ta bar makaranta. Da rana takan zauna ta zuba wa bango ido, idan an yi mata magana sai ta daɗe kafin ta juyo, kamar daga nesa take dawowa, kuma kullum nisan ƙaruwa yake. An kai ta asibiti, an ɗauki hoton kai, an ɗebi jini, ba a ga komai ba.

Rekiya ce ta fara lura. Ta tara tsakuwar a faranti, ta kai ta ɗora kusa da dutsen taimama. Launinsu ɗaya.

"A ina ka samo shi, Alhaji?"

Ya faɗa mata.

"Da almuru? Ka yi sallama?"

Ya naɗe dutsen a tsumma.

Da gari ya waye ya ɗauki dutsen ya tafi mayarwa. Ya tarar wurin ya sauya. An cire langa-langa, an yi wa bango fenti, an shimfiɗa sabon dokin ƙofa mai ƙyalli, tarin gutsattsarin nan kuwa an kwashe, ba wanda ya san inda mota ta kai su. Ya ajiye dutsen a gindin bishiya, ya yi sallamar da bai yi ba a da, ya ba da haƙuri cikin raɗa, ya juyo. Da magariba, bayan an gama fama da Najiba, Rekiya ta shiga ɗaki don ta yi salla. Dutsen yana nan kusa da darduma, ruwa na ɗiga daga jikinsa.

A nan ne aka ba shi labarin Malam Ma'azu. Mutumin Maraɗi ne, yana da ɗan ɗaki wajen unguwar Liuhua, yana saye da aika kayan babur. Ba ya son a ce masa mai ruƙiyya, yakan ce shi ɗan kasuwa ne da ya ɗan yi karatu. Daga bakinsa na ji yawancin labarin nan, shekarun baya, muna zaune a wani masauki. Ko a Katsina ne, ko a can garinsu. Dogo ne, siriri, mai magana a hankali.

Ya iso da la'asar da 'yar jakar leda. Ya sha ruwa, ya dubi dutsen bai taɓa ba, ya dubi yarinyar.

"Alhaji, in ta tashi tana kira, mi kuke yi?"

"Kama ta muke, Malam. Mu tsayar da ita."

"Kullum?"

"Kullum."

Malam ya girgiza kai. Ya sa aka zaunar da Najiba a tabarma, uwarta ta rufa mata mayafi ta zauna a bayanta. Ya jiƙa garin magarya a kofi, ya soma karanta ayoyin tsari, ba da ƙarfi ba. Hasken taga ya yi ja, ya koma toka. Shirun nan ya sauko. Tsakuwa ta faɗo a gaban Malam, bai ɗaga kai ba. Takun ya zo, ya wuce ta tsakaninsu, ya tsaya. Najiba ta yunƙura za ta tashi, Malam ya ɗaga murya. Jikinta ya ɗauki rawa, kanta ya koma baya, sannan ya dawo a hankali, idanunta a kan Malam, amma ba ita ke kallonsa ba.

"Ya isa," in ji muryar. "Kana ƙona ni."

"Ka ji Hausa ke nan," in ji Malam.

"Harshen da na tarar a bakinta ne."

"Wane ne kai? Soja ne?"

"Ni ba soja ba ne. Sojoji sun mutu, matattu ba sa yawo, kai ma ka sani. Ni mazaunin dokin ƙofa ne. Da ni aka sauko da dutsen daga tsauni."

"Kana da addini?"

"Na ga masu salla a cikinsu. Na ga masu ƙona turare ga kakanni. Na ga waɗanda ba su yarda da komai ba sai shinkafar yamma. Duk sun taka ni. Kwarin da matar nan ke sa hannu a ciki, ƙafafunsu ne suka yi shi."

Rekiya ta dubi tafin hannunta.

Malam ya ce, "Mi ɗiyar ga ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba."

"To don mi?"

Aka ji ɗigar ruwa daga ɗaki. Sannan muryar ta ce, "Kullum da faɗuwar rana babbansu yakan tsaya a kaina ya kira suna, kowa ya amsa. In sun fita a jirgi wasu ba su dawo ba, yakan kira nasu ma, a yi shiru, a wuce. Ya mutu, wani ya zo. Tufafi ya sauya, tuta ta sauya, kiran bai sauya ba. Yara ne yawancinsu, 'ya'yan masunta. Ba wanda ya rubuta su a bango. Ni na riƙe su. Da bariki ya zama kango na ci gaba da kira, iska na ɗaukar mini ta kafar ƙofa. Sai aka zo aka ce za a adana gidan. Sun adana bango, sun yi masa fenti. Ni suka fasa. Mutumin nan ya ɗauko ni ya kawo ni sama, inda babu ƙasa babu iska. Dutse ba shi da baki. Nata na samu."

Alhaji ya ce, "Ai na mayar da kai. Na ba ka haƙuri."

"Ka mayar da ni ina? Na je ban gane wurin ba."

Malam ya ɗaga wa Alhaji hannu ya dakatar da shi. "Za ka fita," ya ce wa muryar.

"Ka bar mini ita da magariba kaɗai. Sauran yinin nata ne."

"A'a."

"Ku yanka mini zakara a bakin ruwa."

"Ba mu yanka wa kowa sai Allah. Kai ma ka sani."

"To ku bar ni a cikin dutsen, a nan kusurwa. Ba zan ƙara jifa ba."

"Wallahi ba a gidana ba," in ji Rekiya daga bayan mayafi.

Malam ya ɗauki kofi, ya koma karatu. Jikin yarinyar ya riƙa lanƙwashewa, gumi ya jiƙa mayafin, amma muryar ba ta yi ihu ba, nishi kawai take, irin na tsohon da aka ɗora wa kaya. Malam ya gaya mini a lokacin ya ga abin da ya tsorata shi: aljanin ba zai fita ba, jikin yarinyar ne zai gaza. Sai ya tsaya.

"Faɗi abin da za a iya," ya ce.

"Tun da na shigo gidan nan ban taɓa kai ƙarshen kira ba. Ina somawa su katse ni, gobe in koma farko. Ku kai ni bakin ƙofar. Ku bar ni in kira su duka, sau ɗaya, kada a taɓa ta. In na kai ƙarshe ba wanda ya amsa, na san bariki ya watse. Sai in tafi."

"Ina?"

"Ruwa."

"In kuma wani ya amsa?"

"To akwai sauran mutum a bariki. Mai kira ba ya barin aiki da mutum a ciki."

Malam ya sa shi ya yi rantsuwa, ya yi. Najiba ta sulale jikin uwarta.

Da Malam zai tafi, Alhaji ya raka shi bakin lifta. Malam ya riƙe hannunsa. "Alhaji, abin da kakanninmu ke faɗi ne, ba a amsa kira da almuru. Gobe ko mi ka ji, kada ka amsa. Ko da sunanka ne. Ko da muryar wa."

"Na ji, Malam."

"Ji daban, iyawa daban. Allah shi taimake mu."

Washegari suka ɗauki mota su huɗu, dutsen a naɗe cikin tsumma a kan cinyar Alhaji. Sun isa rana ta yi ƙasa. Barikin ya yi fes. An jera fitilu a gindin bango, ɗakin farko ya zama wurin shan kofi, igwar nan an goge ta an shafa mata baƙin fenti, wata amarya da ango suna jingine da ita ana ɗaukarsu hoto. A jikin bango an kafa allo mai bayani da hotuna. Najiba, da ta ɗan dawo hayyacinta a mota, ta karanta musu shi da ƙyar. Shekarar gini ce, da sunayen manyan hafsoshi biyu ko uku.

Mai gadi ya tare su. "Lauban, meyo," ya ce wa Alhaji, yana nuna agogo, wato maigida, babu, an rufe shiga. Malam ya ce ba komai, ƙofar suke so. Alhaji ya warware tsumma, ya ɗora dutsen a kan sabon dokin ƙofa. Ya yi kama da baƙo a wurin.

Hasken ya koma toka. Najiba ta zare hannunta daga na uwarta, ta taka ta hau kan dutsen, ta haɗe ƙafafu, ta juya ta fuskanci filin bariki. Muryar ta fito.

Suna, sai shiru. Suna, sai shiru. Alhaji bai taɓa jin shirun da ke tsakani ba sai ran nan, domin a gida ihunsu ke cike shi. Mutane suka fara taruwa. Wasu suka ɗaga waya suna dariya, ga baƙar yarinya da hijabi tana wasan soja. Mai gadi ya matso, sannan ya tsaya. Sannu a hankali dariyar ta mutu. Mai hoton amarya ya sauke na'urarsa. Sunayen suka yi ta fita, ba iyaka, suna bin dogayen ɗakunan nan suna dawowa wayam. Malam Ma'azu ya ce ya riƙe biyu ko uku, ya kuma faɗa mini su. Na yi ta neman su a kaina kafin in zauna rubutun nan, sun zube.

Akwai wani tsoho a cikin taron, yana dogara sanda. Da aka kira wani suna sai ya ɗaga kai, leɓɓansa suka motsa. Malam ya ce ya ɗauka zai amsa. Amma wata mata da ke tare da tsohon ta ja hannunsa, ta ce masa wani abu, suka juya suka tafi, yana waiwaye.

Fitilun bango suka kama. Leɓɓan yarinyar sun bushe, muryar ta dushe har sai an kasa kunne. Rekiya ta cusa gefen mayafi a baki. Can aka kira wani suna, aka yi shiru, shirun ya yi tsawo. Alhaji ya ɗauka an gama, ya ɗaga ƙafa. Malam ya damƙe wuyan hannunsa.

"Baba."

Muryar Najiba ce. Ba kaushi, ba tsufa, ita ce, yadda take kiransa in ta farka daga mugun mafarki.

"Baba, duhu. Ba na ganin kowa."

Yatsun Malam suka nutse a cikin naman hannunsa.

"Baba, ka amsa mini in san inda kake. Don Allah, Baba."

Tsakaninsa da ita bai fi tsawon darduma ba. Yana ganin hawaye na gangarowa ta gefen fuskarta. Kalma ɗaya ce, na'am, tana nan a kan harshensa, ya faɗe ta sau dubu ba tare da tunani ba. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Ya tsaya yana kallon 'yarsa tana juya kai hagu da dama, tana sauraro.

Ta ƙara kira sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Sannan ta daina.

Tsohuwar muryar ta dawo, kamar daga ƙasan rijiya. "Babu kowa," ta ce.

Wata iska mai warin taɓo ta taso daga cikin filin, ta bi ta ƙofar, ta kaɗa saiwoyin bishiya, ta gangara wajen kogi. Najiba ta faɗo, babanta ya tare ta. Ba nauyi a jikinta. Mai gadi ya kawo ruwa a kofin takarda. Dutsen suka bar shi a nan. Malam ya ce ya bi ta wurin bayan kwana biyu bai gan shi ba, mai shara ya kwashe, ko wani ya ɗauka, Allah ne masani.

A mota ta farfaɗo, ta ce tana jin yunwa. Rekiya ta fashe da kuka. Tun daga ranar ba tsakuwa, ba taku, ba murya. Yarinya ta ci, ta yi ƙiba, ta koma makaranta. Duk abin da ya faru a makonnin nan ta ce ba ta tuna ba, sai abu ɗaya. Ta faɗe shi ne wata safiya tana zuba masa shayi, ba tare da ta dube shi ba.

"Baba, na kira ka."

"Ba ke ba ce, Uwata. Shi ne ya ari muryarki, yana so ya yaudare ni."

"Ni ce," ta ce. Ta ajiye butar shayin, ta shiga ɗaki.

Alhaji ya je har Liuhua ya sami Malam a cikin kwalayen kaya, ya tambaye shi, ita ce ta yi kiran ko aljanin ne. Malam ya ajiye kwalin da ke hannunsa. Ya ce, "Alhaji, da na sani da na faɗa maka. Ɗiyarka tana gida. Iyakar abin da na sani ke nan."

Tana gida kuwa. Tana gaishe shi da safe, tana yi masa tafinta, tana dariya idan ya yi barkwanci. Na ji an ce yanzu ta girma, tana karatun likita ko na haɗa magunguna, ɗaya dai daga ciki. Amma Malam Ma'azu ya ce Alhaji ya gaya masa, tun daga wancan yammacin ba ta ƙara ɗaga murya ta kira shi daga wani ɗaki ba. In tana son sa, sai ta taso ta zo inda yake, ta gan shi da idonta, sannan ta yi magana.